Bazazzagi a Kurmi

A gidanmu, idan aka ce wane ya tafi Kurmi, ba a tambayar ranar dawowarsa. Kakana na wajen uba fataucin goro ya yi, shi ma gada ya yi daga nasa uban, wanda ya riski zamanin da ayari ke tashi da jakuna a nufi Gwanja, a shafe watanni a hanya kafin a ga Salaga. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ya kafu a gefen tasha, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, goron kuma ya riƙa fitowa daga ƙasar Yarbawa, su Shagamu da Agege. Hanya ta sake, suna bai sake ba. Duk wata ƙasa ta kudu mai duhun itatuwa da yawan ruwa, a bakinmu Kurmi ce. Ni kuwa na haura shekara 50 ina cin goro, ana yi mini miya da manja, ina kwana a ƙarƙashin rufin da aka ɗaura da katakon can, amma ban taɓa sa ƙafa cikin kurmi na gaske ba. Na je Legas, na je Ibadan, to amma wannan ai kwalta ce da hayaƙi.

Wanda ya kai ni abokina ne tun muna firamare. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne da ya fito daga ƙasar Boki a jihar Kuros Riba, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu na Samaru daɗi. Sana'arsa sayar da katako. Da zai aurar da 'yarsa a garinsu, ya same ni har gida da goron gayyata, ya ce, "Malam, shekara nawa kana zuwa rumfata kana yi mini tayin wulaƙanci? Wannan karon sai ka zo ka ga inda katakon yake fitowa." Na ce in sha Allahu, irin wadda ake faɗa don a rabu lafiya. Ya ce ai ya riga ya kama mini kujera a mota.

Ranar tafiya uwargida ta haɗa mini kilishi da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino, ta miƙo jakar ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙonka, ka bar wa mutane ruwansu." Ta san hali. Ba baƙon da zai zauna a zaurena awa guda bai ji labarin yadda muke iyo a Kubanni muna yara ba.

Ƙarshen Oktoba ne. A Samaru ruwa ya ɗauke, an fara jin busasshiyar iskar nan da ke gaba da hunturu. Muka tashi daga Kwangila bayan asuba, muka bi ta Kaduna, Kaciya, Kafancan, Akwanga, Lafiya, muka kwana a Makurɗi kusa da tsohuwar gadar Binuwai da aka buɗe a 1932. Na yi aikin gwajin ƙasar noma a Samaru shekaru masu yawa, a inuwar cibiyar binciken aikin gona da ta samo asali tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, saboda haka idona a mota ba ya kan gidaje, yana kan ƙasa da itace. Kuka ce ta fara ɓacewa, sai kaɗanya da ɗorawa suka riƙa raguwa, kwakwar manja ta fara leƙowa ɗaya-ɗaya. A wajen Kagoro za ka ga duk inda rafi ya bi, wani baƙin layi na dogayen itatuwa ya bi shi, alhali gefe da gefe fili ne. Wannan layin shi ne ainihin abin da Bahaushe ya fara kira kurmi, kuma da can ba sai an je nesa ake ganinsa ba. Sunaye sun isa shaida: Kurmin Mashi a tsakiyar Kaduna, da Kasuwar Kurmi ta Kano da ake danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa. Yau ka je ka nemi inuwar itace ɗaya a cikinsu.

Washegari muka bi ta Gboko da Vandeikya muka shiga Obudu. Abokina ya nace sai mun hau dutsen, tunda mun zo. Hanyar hawa kwana ce a kan kwana, kusan 20, kowace ka duba ƙasa sai cikinka ya juya. A sama, tsayin ya haura mita 1,500, ciyawa ce shimfiɗe da hazo da sanyi irin na Jos ko ma fiye. A 1951 Turawa suka kafa wurin kiwon shanu a nan, kuma dalilinsu kowane Bafillace ya san shi: a ƙasa ƙudan tsando na sa wa shanu sammore, a wannan tsayin kuwa ba ya zama. A 2005, zamanin gwamna Donald Duke, aka kafa keken nan mai ratayuwa a jikin waya don ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, tafiyar kusan kilomita 4. Wuri ne mai kyau, amma ba shi na zo gani ba. Kurmin a nan yana maƙale ne cikin kwazazzabai, kana hango kansa daga sama kamar garken tumaki kore.

Kurmin gaske sai da muka gangaro muka kama hanyar Ikom, muka ratse a ƙasar Boki, muka bar mota muka hau acaɓa saboda taɓo. Bayan biki da kwana ɗaya, abokina ya samo mana wani saurayi ɗan garin ya yi mana jagora zuwa wajen dutsen Afi.

Abin da ya fara damuna ba zafi ba ne, rashin gani ne. Mutumin Zariya da ido yake tafiya. Ka tsaya a Samaru ka hango Kufena, ka dubi rana ka san lokaci, ka ga hadari tun yana gabas ka kwashe shanya. Cikin kurmi taku 20 kacal za ka yi hanya ta rufe a bayanka. Sama babu ita, sai ganye a kan ganye, hawa-hawa. Manyan itatuwan sukan kai mita 40 zuwa 50, ba reshe ko ɗaya a jikinsu sai can ƙoli, ƙarƙashinsu akwai matsakaita, ƙarƙashin waɗannan kuma ƙanana masu jiran babba ya faɗi su samu haske. Abin da ke isowa ƙasa na hasken rana bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Ƙarfe 11 na safe sai ka rantse magariba ta kusa. Iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa, wari kuwa irin na tsohon rumbu ne da ruwa ya shiga. Igiyoyi masu kaurin cinyar mutum sun sauko daga sama sun nannaɗe. A jikin rassa wasu tsirrai sun yi zamansu kamar kauci, sai dai su ba sa shan jinin itacen, haya kawai suke yi don su kusanci rana.

A cikin wannan duhun na ga ɗan gida. Wani ƙaton itace ne da saiwoyinsa suka fito waje kamar katangu, har mutum zai iya shiga tsakaninsu ya shimfiɗa tabarma. Na dafa shi, na ɗaga kai, na ce wa abokina, "Kai, wannan ai rimi ne!" Rimi ne kuwa, irin wanda Zariya ta yi suna da shi har unguwanni suka ci sunansa, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Namu na gida yana da faɗin kai da ƙasaita domin shi kaɗai ne a fili. Wannan ya miƙe sama kamar sanda, saboda cikin kurmi wanda ya tsaya yin faɗi inuwar wani za ta kashe shi.

Sai halin aiki ya motsa. Na durƙusa na sa hannu na tona. Duk wanda ya ga itatuwa irin waɗannan zai ɗauka ƙasar da ta ɗauke su ta fi kowace ƙasa ƙarfi, a ba shi ita ya noma masara har jikoki. Abin da na samu baƙar ƙasa ce mai laushi da ba ta wuce kaurin tafin hannu ba, cike da ƙananan saiwoyi kamar gashi, ƙarƙashinta kuma jar ƙasa ce tsamamma da ruwa ya wanke. Lissafin a bayyane yake. Samaru na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, cikin wata biyar. Kalaba na samun kusan 3,000, kuma watannin da ba a yi ruwa ba kaɗan ne. Ruwa mai yawa haka yana tafiya da gishirin ƙasa. To da me itatuwan ke rayuwa? Da junansu. Ganye ya faɗo, ɗumi da laima da gara da naman gwari su ruɓar da shi cikin makonni, saiwoyin nan na sama su zuƙe tun kafin ruwa ya kwashe. Arzikin kurmi yana rataye ne a jikin itatuwa, ba ajiye yake a ƙasa ba. Shi ya sa wanda ya sare ya ƙone yakan ci amfanin toka shekara biyu ko uku, daga nan gona ta gaji, ya ƙara gaba ya sake saran wani wurin. Na karanta wannan a takarda tun ina saurayi. Sai da na ji ƙasar a yatsuna na yarda.

Masaukin da muka sauka ba irin otal-otal ɗin da muka sani a Sabon Gari ba ne. Ɗaki ne na katako da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu, rabin bangonsa ragar sauro ce, rufin kwano, gado da gidan sauro, sai fitila mai cajin rana. Da farko na raina shi. Kafin gari ya waye na gane kowane abu da dalilinsa: ƙafafun saboda ruwa da masu jan ciki, ragar saboda in aka toshe ɗaki da bulo a wannan laimar mutum zai dahu, kayansa kuma su yi funfuna. Rigar da na wanke ranar farko na shanya, har muka baro wurin ba ta bushe ba, sai ma wani tsami da ta ƙara. A Samaru da hunturu kafin ka gama shanya ta ƙarshe ta farko ta bushe. Wanda zai je, ya bar babbar riga da shadda a gida, ya ɗauki kaya marasa nauyi masu dogon hannu, da takalmi rufaffe, da leda mai kauri don waya da kuɗi. Waya ma sai an hau wani tudu ake samun layi.

Dare kuwa ban san yadda zan kwatanta shi ba. Mu mun saba dare shiru ne, sai haushin kare da kukan gyare. A can da rana ne ake shiru. Duhu na sauka sai daji ya ɓarke: kwaɗi iri-iri, wasu ƙwari masu ƙara kamar injin niƙa, da wani abu can sama da ke fara kuka a hankali yana ƙarawa har ya zama kamar ihun wanda ake yankawa. Na tashi zaune ina karanta duk abin da ya zo bakina. Abokina daga gadonsa ya yi dariya ya ce wata 'yar dabba ce mai kama da rema da ke zama a kan itace, ba ta fi zomo girma ba. Na ce ko ma mece ce, Allah ya shirye ta.

Da asuba na fito alwala, na rasa gabas. Wannan bai taɓa faruwa da ni ba. Ba tauraro, ba jan alfijir, ba masallacin da za ka dubi inda ya fuskanta. Wayar da nake yi wa 'ya'yana faɗa a kanta ita ta nuna mini alƙibla. Ina cikin sallama ta biyu na ji kamar an soka mini allura a idon sawu, sannan a gwiwa, sannan inda ba a faɗa a mujalla. Kwarkwasa ce. Na shimfiɗa dardumata a gefen hanyarsu, wani baƙin layi mai faɗin tafin hannu da ya ratsa tsakar wurin ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Mutanen wurin ba sa faɗa da su. Sukan kauce su ba su hanya, domin in sun ratsa ɗaki sukan share kyankyasai da kunamu su wuce. Darasin dai shi ne a haska ƙasa kafin a taka, a kuma zazzage takalmi kafin a sa.

Batun abinci bai ba ni wahalar da na zata ba. Akwai doya, akwai ayaba babba da ake gasawa a ci da manja, akwai kifi, akwai miyar ganyen afang da ta ogbono, wanda ƙwallon wani ɗan itacen kurmi ne da muke kira goron biri. Nama ne kawai sai an tambaya, domin naman daji ya yi yawa a tukwanensu, kuma da ka ce kai Musulmi ne sun gane, ba sa jin haushi. A Ikom kuwa har shayi na sha a teburin wani Bakatsine, na ci tsire a wajen wani mutumin Sakkwato. Kalaba ma tana da unguwar Hausawa, Bogobiri. Duk inda ka kai a Kurmi, wani ɗan'uwanka ya riga ka da tukunyar shayi.

A gonar dangin abokina, cikin inuwar koko, na fara ganin itacen goro. Na tsaya na daɗe. Itace ne madaidaici mai duhun ganye, 'ya'yansa cikin wani kwanso mai gurɓi-gurɓi, in an fasa sai ga goro jere cikin farar riga. Suna da irin namu mai rabuwa biyu, suna kuma da mai rabuwa uku ko fiye, mai yauƙi, wanda muke kira hannun ruwa. Gidanmu kaf a kan wannan itacen aka gina shi, da shi aka biya sadakin kakata, amma a cikin jikokin kakana ni ne na farko da ya taɓa ganyensa.

Mai zuwa kurmi don kallon namun daji irin na Yankari, inda giwa ke fitowa fili gwaggon biri ya ƙwace maka burodi, zai koma da takaici. A nan dabba tana ganinka, kai ba ka ganinta. Gandun daji na ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, ya kai murabba'in kilomita 4,000 a sassa biyu, Oban da Okwangwo, yana jingine da dazuzzukan Korup da Takamanda na Kamaru, kuma wannan yankin ne ya riƙe mafi girman abin da ya rage wa Nijeriya na irin wannan daji. A tsaunukan nan ne gorilar Kuros Riba take, wadda duk duniya ba ta wuce 300 ba. Jagoranmu an haife shi a gindin dutsen Afi, ya ce sheƙar da suke yi da ganye su kwana ya sha gani, su kansu kuwa bai taɓa ba. Hotunan da aka fitar a 2020 na garkensu da jarirai a tsaunukan Mbe ma kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ce ta ɗauka. Abin da ake iya gani ido da ido shi ne birin da ake kira diril, a wurin da ƙungiyar Pandrillus ke kula da su a gindin Afi. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka fara aikin a Kalaba a 1991, suna karɓar marayun da mafarauta suka kashe iyayensu. Biri ne mai guntuwar wutsiya, fuskarsa baƙa wuluk tana sheƙi kamar an shafa mata mai, kewaye da farin gashi, namijin ya ninka macen girma, bayansa kuma shuɗi da ja kamar an rina. Ba a samunsa ko'ina sai nan da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Wani babban namiji ya zauna ya dube ni irin kallon da hakimi ke yi wa wanda ya zo ba a aika masa ba.

Yanzu sai maganar ruwa, wadda na so in tsallake.

Rana ta uku da azahar jagoran ya kai mu wani rafi da ke gangarowa daga dutse. Ban taɓa ganin ruwa irinsa ba. Kubanni da Galma da muka sani ruwansu ja ne da damina, kore da rani. Wannan kuwa garau yake, kana ƙirga tsakuwar da ke ƙasa, yana zubowa tsakanin manyan duwatsu ya taru a wani gurbi mai faɗin tsakar gida kafin ya wuce. Bayan kwana uku ina jiƙe da gumi, maganar uwargida ta bi iska. Na tuɓe riga, na ɗora hulata da takalmi a kan wani dutse a tsakiyar rafin, na shiga. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi, kamar ruwan randa da asubar hunturu. Da jiki ya saba, wallahi na koma ɗan shekara 12. Na yi iyo, na yi nutso, na kwanta rigingine ina kallon wata 'yar tsagar sama shuɗiya tsakanin ganyaye, malam-buɗe-littafi iri-iri suna sauka a kan yashi.

Ilimin ruwan da na zo da shi daga Samaru ilimin kududdufi ne. Mun san ruwan da ya kwanta shi ne mai cuta, domin a nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake, kuma a ajinmu na firamare yaran da ke fitsarin jini sun fi a ƙirga, har wasu na ɗauka alamar girma ce. Mun san ruwa mai gudu, mai haske, shi ne lafiyayye. A kurmi wannan rabin gaskiya ce. Ruwa mai gudu a kan duwatsu shi ne inda wani ɗan baƙin ƙuda ke hayayyafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa makantar kogi. Da can cutar akwai ta har a wasu sassan jihar Kaduna, kuma tun 1987 ake raba maganinta, Mectizan, kyauta. Baƙon kwana uku ba shi ne abin tsoro ba, sai wanda ya shekara yana shan cizo, amma ƙaiƙayin kaɗai ya isa ya sa ka mayar da riga da zarar ka fito. Haske kuma yana ruɗin ido: inda ka zata iya gwiwa ne sai ka ji ya shanye ka, dutsen da ka zata yana can ƙasa kuma yana dab da goshinka, don haka ba a faɗawa da ka. Duwatsun gefe suna da gansakuka mai santsin sabulu. Duk wannan jagoran ya faɗa mana tun a hanya, da Turancin buroka, abokina na fassarawa. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne wanda ban saurara ba.

Ina kwance a kan ruwan na ji yaron yana kira, "Baba! Baba!" yana yi mini alama da hannu in fito. Na dubi sama, rana tar, ba ko gizagizai. Na ɗaga masa hannu alamar ina zuwa. Sai abokina ya daka mini tsawa da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar mahaifiyata, ya ce, "Fito, don ubanka!" Shekara 40 rabon da ya zage ni. Na fito. Ina taka gaɓa na lura ganyaye da ƙananan itace sun fara wucewa a kan ruwan, launinsa ya koma kamar shayi da madara, daga sama kuma ana jin wani gurnani kamar tirela na hawan gadar Kwangila. Ban gama sa wando ba dutsen da na ajiye kayana ya nutse. Gurbin da nake kwance ya zama wani abu mai tafasa yana juya gungumen itace kamar tsinken sakace. Hulata, sabuwa dal da na saya don bikin, na ga ta yi juyi biyu ta shige.

An yi ruwa ne a kan dutse, can inda ba ma gani. Gangaren yana da tsayi, ƙasar ta riga ta ƙoshi, duk abin da ya zuba sai ya taru ya sauko lokaci guda. Yaron ya ce shi ba sama yake kallo ba, launin ruwa yake kallo da abin da ya ɗauko. Ya kuma nuna mana wani farin tabo a jikin dutsen Afi, inda ƙasa ta zaftare a daminar 2012, ta sauko da itatuwa da duwatsu ta yi ɓarna a ƙauyukan gindin dutsen. Na komo masauki da ƙafa ba takalmi, ina taka ƙasa a hankali saboda kwarkwasa, matsattsaku guda maƙale a ƙwaurina ban ma sani ba sai da jini ya zubo. Ba wanda ya ce mini komai a hanya, abin da ya fi zagin ciwo.

A daren nan muka zauna da abokina a bakin ɗaki. Can nesa, ƙarƙashin kukan kwaɗi, ana jin wani sauti da ba na dabba ba. Injin yankan katako ne. Gwamnatin jihar ta hana saran itace a 2008, zamanin Liyel Imoke, amma hani a takarda daban, dare a daji daban. Na ce, "To, ga abokan cinikinka can suna aiki." Ya yi shiru, sannan ya ce lokacin da ya fara sana'a, loko da maɗacin kurmi ake kawowa masu faɗin da mutum zai kwanta a kan falle ɗaya. Yanzu yawanci ƙananan itace ne da ba su gama girma ba, su ma sai an shiga can ciki. Ya ce, "Malam, ni na sayar, kai ka saya. Ginin da ake yi daga Samaru zuwa Shika, da me ake rufa shi?" Ban ba shi amsa ba, domin rufin ɗakina ma daga rumfarsa ya fito. Mutanen ƙauyen kuma ba za ka ce musu su zauna da yunwa suna gadin itace don Bazazzagi ya zo ya yi kallo ba. Kuɗin makarantar 'ya'yansu daga koko yake fitowa, koko kuwa sai an buɗe daji.

Na dawo Samaru da huhun goro ƙarami naɗe cikin ganye, da galan na manja, da silifa na roba da na saya a Ikom. Uwargida ta zazzage jaka, ta ɗaga rigar nan mai tsami da yatsa biyu, ta duba ciki ta sake dubawa, ta ce, "Malam, ina hular?" Na ce na bayar. Ta ce wa? Na ce wani ne ya nuna yana so.

Bayan mako biyu ƙofar bayan gida ta karye, na gangara Sabon Gari wajen 'yan katako. Abokina ya jawo falle ɗaya ya ajiye a gabana. Na sunkuya na shinshina, har yanzu da ɗan warin laimar nan a jikinsa. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, ya ƙaru a kan na bara. Na buɗe baki zan taya, ya ɗaga hannu ya ce, "Kafin ka yi magana, Hajiya ta aiko yaro jiya tana tambayar wanda ka ba hula. Ban ba da amsa ba tukuna."

Na biya yadda ya faɗa.